Ragon Direkta da Takalmin Baba Nomau

Ko me zan manta a rayuwata ta koyarwa, ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a shekarata ta biyu da fara aiki, ranar da gari guda ya fito da sanduna yana neman ɓarawo, ni ma ina tsakiyarsu ina taya su nema, alhali ni ne ɓarawon. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin ya zauna daram. Na gwada mutum uku da dabba ɗaya, duk ya zame ya dawo kaina.

A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauye tsakanin Gidan Sori da Gidan Rumji (ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu da sauran masu tuna fuskata a can). Ni ɗan Maradi ne, haifaffen cikin gari, ban taɓa riƙe hauya ba sai dai in an ce in miƙo ta. Yara da manya duk Mushe suke kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol namiji a wurinmu, ni kuma ina jin kaina sosai, ina ganin ni ne fitilar da gwamnati ta aiko wa garin.

Wanda ya ba ni masauki wani dattijo ne, Baba Nomau. Ɗaki ya ba ni a cikin gidansa, kusa da zaure, kuma kullum sai an miƙo mini tuwo da fura kamar ɗan gida. Ba mai dukiya ba ne. Abin da yake da shi suna ne. In samari za su tafi cin rani, a wurinsa suke barin damman hatsinsu, su dawo bayan wata biyar su tarar ko zangarniya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. In mutum biyu suka yi musu a kan iyakar gona, shi ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Ku riƙe wannan, don da sunan nan nasa na yi wasa.

Masifar ta faro ne daga wani horo na kwana uku da aka kira mu a Gidan Rumji. Wani mutum mai tabarau ya zo daga Yamai ya koya mana yadda ake koyar da yara wasan kwaikwayo ta hanyar wasan bincike. Wai ka ɓoye wani abu, ka bar alamu, ka raba wa yara matsayi: wannan jandarma, wannan shaida, wannan alƙali. Da haka za su koyi magana a gaban mutane, su koyi tambaya, su koyi tunani. Ya ba mu dokoki biyu. Ta farko, kada kowa ya san inda abin yake sai malami. Ta biyu, ɗan wasa na gaskiya ba ya fita daga wasa ko da sama za ta faɗo. Shi dai da kwalin alli ya yi mana misali, ya ɓoye shi a bayan ƙofa. Da na tsaya a kan kwalin alli, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma ina, ni a ganina kwalin alli ya yi wa basirata kaɗan. Wane yaro ne zuciyarsa za ta buga don alli ya ɓace? Ina wannan tunani a hanyar lakol sai idona ya faɗa kan ragon Direkta, shugaban makarantarmu. Matarsa ta haihu ranar Alhamis, suna sai Alhamis mai zuwa, ga rago fari ƙato an ɗaure shi a bayan gidansa, jikin dangar lakol, yana cin dusa yana harare-harare. Na je na zayyana wa Direkta shirina. Ya yi dariya ya ce in yi abina, in dai zan maido masa dabbarsa kafin azahar. Na ce ya sanar da mutanen gida. Ya ce kada in damu, zai faɗa musu. (Wannan shi ne mutum na biyu da na so ɗora wa laifi, bayan mai tabarau, kuma har gobe ina ganin yana da kaso mai tsoka.)

Kwana huɗu muna gwaji da 'yan ajina, su arba'in da 'yan kai. Sun san za a sace rago a cikin wasa, sun san maganar da kowa zai faɗa, abin da ba su sani ba shi ne inda za a kai shi. Na yi wata dabara da na yi ta yaba wa kaina a kanta. Na san halin ƙauye, in ka sa yaro ya fito a ɓarawo, sunan zai bi shi har ya yi furfura. Don haka ban ba kowane yaro matsayin ɓarawo ba, sai na ƙirƙiro ɓarawon da babu shi, wani tsoho mai takalmin taya, da niyyar ni in fito a madadinsa a ƙarshen wasa. Babbar shaida kuwa na ba wata yarinya, Sahura, 'yar shekara goma, wadda wata uku ina fama da ita ta haddace lissafin sau bakwai ta kasa. Maganarta a wasan layi biyu ce, na sa ta maimaita har ta iya faɗa da rawar murya. Na yi ta nanata musu doka ta biyu: ko wa ya tambaye ku, ko a ina, kada ku fita daga wasa sai kun ji ɓarawo ya amsa laifinsa da bakinsa, sannan ku tafa.

Saura sawu. Takalmina sau-ciki ne irin na kanti, duk yaran sun san shatinsa. Baba Nomau kuwa yana da wani takalmin taya da yake zuwa gona da shi, mai zanen ƙasa raɗau, an ɗaure maɗaurin hagu da waya, dugadugin kuma ya cinye ta gefe guda. In zai je sallar asuba silifa yake sawa, ya bar wannan a bakin zaure, kuma ba ya dawowa sai rana ta fito. Na ce a raina aro ne na rabin sa'a, me za a dame shi da tambaya? Ranar Talata gari na wayewa na zura ƙafata a ciki, na lallaɓa bayan gidan Direkta, na kwance rago, na bi da shi ta bayan lakol zuwa wajen gari inda rumbuna suke. Tafiyar ta yi kyau, in ban da wasu 'yan ƙananan abubuwa da a lokacin ban ga amfanin faɗa wa kowa ba.

Sai ku tambaye ni a ina na ɗaure shi. A bayan rumbun Baba Nomau. Shi kaɗai na sani a cikin rumbunan nan, ga inuwa, ga harawa a jibge a kai wadda rago zai ɗan taɓa kada ya yi kuka. Wallahi a lokacin ban ga komai a ciki ba sai tsari mai kyau. Na dawo, na ajiye takalmi inda na ɗauke shi, na yi wanka, na canza wando (akwai dalili), na tafi lakol ina fito.

Ina cikin rataya wa jandarmomina hulunan kwali sai muka ji salati daga gidan Direkta. Surukarsa ce, Gwaggo Hassu, wadda ta zo daga Tibiri don wankan jegon 'yarta. Ta fita kai wa rago dusa ta tarar da turke babu kowa. Direkta kuwa tun da sassafe ya hau babur ya tafi Gidan Rumji kai wasu takardu, bai faɗa wa ko kazar gidansa komai ba. Kafin in ajiye hular da ke hannuna yara sun watse waje, kafin in iso wurin rabin gari ya taru, maza da sanduna, mata a bakin danga, mai gari da kansa yana tafe ana riƙe masa buta.

Ni fa na yi niyyar magana, kada ku ce ban yi ba. Na kutsa na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, ai wasa ne." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wasa? Ragon sunan jikana na wasa? Mushe, koma wajen ɗiyanka, wagga magana ta manya ta."

Aka yi mini caa, kowa na cewa in matsa kada in taka sawu. A daidai nan na ji wani a bayana yana ba da labarin ɓarawon akuyar da aka kama bara, yadda aka ɗaure shi a jikin gawo tun hantsi har la'asar kafin jandarma su iso. Sai na ji maganar da ke bakina ta koma ciki da kanta. Na ciro waya na kira Direkta, babu layi (a garin sai ka hau tudu kake samu). Na ce to bari in sulale in riga su zuwa in saki ragon ya dawo da ƙafarsa. Mai gari ya ɗaga sanda ya ce ba mai gusawa daga nan, an aika a kira Barmo.

Barmo shi ne mai bin sawu na yankin. Wani siririn tsoho ne mai ido kamar yana jin barci, da gajeren sanda a hannu. Ni a da ina ɗaukar irin wannan aiki a matsayin tatsuniyar ƙauye. Ya zo bai gaisa da kowa ba sosai, ya zagaya turke sau biyu, ya tsuguna, ya ce a ba shi ƙwarya. Ya kife ta a kan sawu ɗaya mafi fita, don kada iska ko ƙafa ta ɓata shi. Ashe al'adarsu ce, in an fara bin sawu kowa a bayan mai bi yake tafiya, wanda ya wuce gaba kuwa shi ya jawo wa kansa zargi.

Mai gari ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu. Na runtse ido ina addu'a. Sai na ji 'yar siririyar murya. Sahura ce ta fito tsakiyar fili, ta haɗa hannuwa a ƙirji daidai yadda na koya mata, ta ɗaga kai.

"Ranka shi daɗe, ni na gani da idona. Wani tsoho na, da takalmin taya, yana jan rago da sassahe yana waige-waige."

Har da rawar murya. Har da ɗan hawaye, wanda ni ban ma sa a cikin wasan ba. Yarinyar da sau bakwai ya gagara. Na yi ta ƙifta mata ido ina girgiza kai, ita kuwa ta ɗauka yabo ne, ta ƙara maimaitawa da ƙarfi. Sauran yaran suka gyaɗa kai gaba ɗaya kamar yadda muka yi gwaji. Na koyar da abubuwa da yawa a garin nan da ba su zauna ba, sai wannan ne kaɗai ya zauna.

Ana cikin haka Baba Nomau ya iso. Ya dawo daga masallaci ya ji hayaniya, ya zura takalminsa na gona ya taho a taimaka da shi. Barmo ya ɗaga ƙwarya don mai gari ya gani. Ga zanen taya, ga shatin waya a hagu, ga dugadugi da ya cinye ta gefe. A garin da kowa ya san takalmin kowa, ba a buƙatar dogon bayani. Na ga idanu suna sauka ɗaya bayan ɗaya a kan ƙafar tsohon. Shi ma ya duba ƙasa, ya duba ƙafarsa, ya matsa ya taka kusa da sawun ya ɗaga. Biyun suka fito iri ɗaya.

"Takalmina na," ya ce.

Nan ne ya kamata in yi magana, na sani, ba sai kun faɗa mini ba. Amma tsoro ya riƙe ni, kunya ta danne ni, ga kuma wata banzar zuciya tana ce mini in jira, wataƙila Direkta ya dawo yanzu ya warware komai cikin raha. Barmo ya miƙe ya kama hanya, gari ya bi shi a baya. Baba Nomau yana tafiya a cikinmu, amma na lura mutanen da ke gefensa sun ɗan ja, an bar masa fili hagu da dama. Mutumin da jiya ake rige-rigen gaishe shi.

Daga nan Barmo ya fara abin da har yau ban yafe masa ba duka (shi ne mutum na uku). Ni na zaci mai bin sawu hanya kawai yake nunawa. Ashe labari yake bayarwa. Muna wuce dangar lakol ya tsaya ya nuna ƙasa da sanda, ya ce nan rago ya turje, mutumin ya ja, rago ya ja, rago ya yi nasara. Gaba kaɗan ya ce nan takalmi ya fita daga ƙafar mutumin, ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya, ya taka ƙaya, ya zauna ya cire. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Ni kuwa tafin ƙafata ya ɗauki zafi sabo.

Da muka kai wajen wata bishiyar aduwa ya daɗe a tsugune, sannan ya ce:

"Nan yab ba rago baya. Wanda yas san dabba bai ba rago baya. Ga inda rago yaj ja da baya, ga inda yat taso, ga inda yas same shi. Ga wurin zaman mutumin nan, ga hannuwanshi biyu."

Yanzu kun san dalilin canza wando. Jama'a suka fashe da dariya, har masu sanduna. Ni ma na buɗe baki na yi wani abu mai kama da dariya don kada a gane ni. A raina kuwa tafasa nake yi. Wa ya tambaye shi wannan? An ce ka nemo rago, ba a ce ka tona asirin bayin Allah ba. Kuma wanda bai taɓa shan karon ragon nan ba ba shi da bakin dariya, dabba ce mai mugun hali, ni na san abin da na ji a ƙuguna.

Bai gama ba. Ya nuna wani dogon layi a cikin yashi ya ce daga nan zuwa waccan bishiyar babu igiya a hannun kowa, mutumin ne a gaba yana gudu, rago na binsa. Ya ce shekararsa arba'in yana wannan aiki, bai taɓa ganin inda dabba ta kori ɓarawonta zuwa maɓoya ba sai yau. Mata da ke biye da mu daga nesa suka riƙe ciki. Gwaggo Hassu kanta sai da ta rufe baki da mayafi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baba Nomau. Yana tafe yana kallon gabansa, don ya ga inda sawun ya dosa.

Muka zagaya rumbunsa, sai ga rago a ɗaure, ya ja harawar tsohon ƙasa yana ci hankali kwance. Da ya gan ni ya daina tauna. Dariya ta ɗauke. Takalminsa, rumbunsa, ga shaidar yarinya. Wani daga cikin samarin da ke barin hatsi a wurinsa ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "To, bana kam sai mu san inda za mu kai ajiya." Baba Nomau ya cire hularsa ya riƙe a hannu, tsoho mai furfura a tsaye cikin rana kai babu hula, a gaban mutanen da ya isa ya haifi rabinsu.

Mai gari ya dubi Barmo ya ce ya faɗi ƙarshen magana. Barmo ya share sandarsa a jikin riga.

"Takalmin Nomau na, wannan babu musu. Amma ƙahwar da ke ciki ba ta cika shi ba, kuma ba ta saba da yashi ba. Nomau bai gudun rago. Ni na ƙare nawa. Mai ƙahwa yana nan cikinmu, in ya yi magana da bakinshi ya hi mishi sauƙi."

Bai nuna ni ba. Ya dai juyo da wannan idon nasa mai kama da na barci ya ajiye shi a kaina, ya bar shi a nan. Ashe tun a bakin turke ya sani. Duk wannan tafiya da labarin da ya yi ta bayarwa, dama yake ba ni, ni kuma ina biye ina dariyar ƙarya.

Na fito. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni tsakiyar fili ba. Na ce da wata murya da ban santa ba, "Ni ne. Ni na ɗauki takalmin, ni na kawo ragon nan. Baba bai san komai ba."

Sai tafi ya tashi. Yara arba'in da 'yan kai, da hulunan kwali a kai, suna tafawa da iyakar ƙarfinsu, fuska cike da murna, saboda ɓarawo ya amsa laifinsa da bakinsa kuma haka Mushe ya ce a yi. Iyayensu na tsaye baki buɗe suna kallonsu. Na daka musu tsawa su yi shiru, suka ɗauka wannan ma cikin wasan ne, suka ƙara. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

A zauren mai gari aka ƙarasa zancen. Na yi bayanin horo, na yi bayanin mai tabarau, na yi bayanin amfanin wasan kwaikwayo ga tunanin yaro, ina ta zufa. Mai gari ya saurare ni har na ƙare, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"Wato gwamnati ta aiko ka ka koya ma ɗiyanmu yadda a ka satar rago, da yadda a ka shaidar zur a kan dattijo har da kuka?"

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, na duba na ga kusan haka ne. Uban Sahura yana gefe yana huci, ya ce shi 'yarsa ba ta taɓa ƙarya a gaban manya ba sai da aka sa ta lakol. Ana haka Direkta ya iso a kan babur, aka ba shi labari, ya dafe kai ya ce kash, ya manta, sannan ya kama dariya har da riƙe bango. Dariya. Ni ina durƙushe a kan tabarma ana wanke ni tas, shi yana tambaya wai da gaske rago ya kore ni. Shaidarsa dai ta cece ni daga jikin gawo, wannan na yarda.

Aka juya ga Baba Nomau aka ce me yake so a yi. Ni na so ya zage ni. Da ya zage ni ko ya ce in kwashe kayana, da na samu abin riƙewa. Sai ya mayar da hularsa a hankali ya dube ni.

"Shekara saba'in ina taka ƙasar garin ga, ba a taɓa kihe ƙwarya bisa sawuna ba sai yau. Da ka tambaye ni, ɗana, da na ba ka takalmin, in kama maka ragon."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma ba na fatan in sake ji. Mai gari ya yanke cewa tunda a bainar jama'a aka ɓata sunan, a bainar jama'a za a wanke shi. Bayan la'asar aka haɗa ni da sanƙiran gari muka zaga unguwa-unguwa. Shi ya buga ganga ya tara mutane, ni in faɗa da bakina cewa Baba Nomau ba shi da hannu, ni na ɗauki takalminsa ba da izini ba. Sau shida na faɗa. A kowace unguwa kuma sai an samu wanda zai tambaya, cikin ladabi, ya jikin nawa wajen da rago ya taɓa.

Ranar Alhamis aka yanka ragon. An aiko mini da nama, na ci, kuma ba zan ɓoye muku ba, da gayya na tauna shi.

Samari sun ci gaba da kai ajiyarsu wurin Baba Nomau, sai dai wanda ya yi maganar nan a bakin rumbu, tsohon ya ce masa cikin sanyin murya ya nemi wani wuri. Ni kuwa bai kore ni ba, bai rage mini tuwo ba, bai sake tayar da zancen ba har na bar garin bayan shekara biyu. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar, in zai tafi masallaci da asuba, sai in ji ya tsaya a bakin zaure, ya sunkuya, ya ɗauki takalmin gonarsa ya kai ɗaka ya ja ƙofa. Kullum, shekara biyu, a gidansa na kansa. Ina kwance ina jin ƙarar ƙofar nan.

Har yanzu ina koyar da wasan bincike, kuma yara suna sonsa. Sai dai kafin in fara nakan je in gaida mai gari da iyaye in faɗa musu abin da za a yi, da wanda zai ɓace, da inda za a same shi. Abin da na koya a garin nan ba shi da yawa: in za ka yi satar wasa, ka sanar da masu gari tukuna, kuma ka yi ta da takalminka.